Marubucin Fim da Matsayinsa: Nazari a kan Rayuwa da Ayyukan Khwaja Ahmad Abbas (1914–1987)

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya biranen Arewacin Nijeriya, Hausawa suka karɓi waɗannan finafinai hannu bibbiyu. Shaƙuwar ta kai ga har an laƙaba wa wasu 'yan wasan sunaye na Hausa, kamar yadda ake kiran Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Abin lura a nan shi ne, duk wannan kirari bai taɓa sauka a kan wanda ya zauna ya rubuta labarin ba. Mai kallo yana riƙe fuskar tauraro da muryar mawaƙi, wani lokaci ma har da sunan mai ba da umarni, amma sunan marubuci yakan wuce ne a farkon fim, sa'ad da jama'a ke ta neman wurin zama.

Ga ɗalibin adabi kuwa, wannan giɓi ne babba, domin jigo da zubi da tsari da halayen taurari, waɗanda su ne ginshiƙan nazarin wasan kwaikwayo, duk a hannun marubuci ake fara ƙulla su. Saboda haka wannan darasi zai dubi rayuwar ɗaya daga cikin fitattun marubutan fim na Indiya, wato Khwaja Ahmad Abbas, wanda aka fi sani da K. A. Abbas. An zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta fito da wata matsala da ke gaban duk mai rubutu don majigi: labarin da ya rubuta ba ya isa ga jama'a sai ya bi ta hannun wasu, kuma waɗannan hannuwa suna iya ƙara masa armashi, suna kuma iya sauya masa kama.

2.0 Asalinsa da Aikin Jarida

An haifi Abbas ranar 7 ga watan Yuni na 1914 a garin Panipat, wanda ke arewa da birnin Delhi, a lokacin da Indiya take ƙarƙashin mulkin Ingila. Gidansu gidan Musulmi ne, kuma gidan ilimi, domin ya fito ne daga zuriyar Altaf Husain Hali, shahararren mawaƙin harshen Urdu. Ya yi karatu a Jami'ar Musulmi ta Aligarh, inda ya sami digiri na farko a 1933, sannan digirin aikin lauya a 1935. Bai yi aikin lauyan ba. Maimakon haka sai ya nufi Bombay (Mumbai ta yau) ya kama aiki a jaridar Bombay Chronicle, inda ya yi rahoton siyasa, daga baya kuma aka ba shi sharhin finafinai.

Aikin jarida bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Yana da fili na mako-mako a shafin ƙarshe na jarida, wanda ya fara a Bombay Chronicle, ya koma da shi jaridar Blitz a 1947, ya ci gaba da rubuta shi har 1987. Ya yi rubutu da Urdu da Hindi da Ingilishi, kuma littattafansa sun haura 70, cikinsu har da ƙagaggun labarai da tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1977. Sanin wannan yana da muhimmanci ga mai nazari, domin idon ɗan jarida ne Abbas ya shiga harkar fim da shi. Abin da ya gani a titi da kotu da unguwannin talakawa shi ne ya riƙa mayarwa labari.

A wancan zamani manyan mutane da dama a Indiya ba su ɗauki sinima a bakin komai ba, kamar dai yadda aka daɗe ana kallon gidan sinima a ƙasar Hausa a matsayin matattarar marasa tarbiyya. Mahatma Gandhi kansa yana cikin masu wannan ra'ayi. A 1939 Abbas, yana ɗan shekara 25, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙonsa da ya sake duban lamarin, yana mai nuna cewa fim makami ne da za a iya ilmantar da jama'a da shi. Wannan aƙida ce ya rayu a kanta.

3.0 Shigarsa Harkar Fim

Abbas ya fara kusantar masana'antar ne ta hanyar yi wa kamfanin Bombay Talkies aikin talla, kuma a wannan kamfani aka shirya labarinsa na farko, Naya Sansar, wato Sabuwar Duniya, a 1941. Tauraron labarin ɗan jarida ne mai aƙida, kuma Ashok Kumar ne ya fito a matsayinsa.

Shekarar 1946 ce ta fito da shi sosai, domin finafinai uku masu nauyi da ke da hannunsa a ciki suka fita a cikinta. Na farko shi ne Dharti Ke Lal, wato 'Ya'yan Ƙasa, wanda shi ya ba da umarni a ƙarƙashin wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo masu ra'ayin gurguzu. Fim ɗin ya ginu ne a kan yunwar da ta auka wa yankin Bengal a 1943, wadda ta hallaka mutane tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Na biyu shi ne Neecha Nagar, wato Unguwar Gangare, wanda Chetan Anand ya ba da umarni. Labarin wani attajiri ne da ke zaune a kan tudu, ya karkatar da ƙazamin ruwa zuwa unguwar talakawa da ke ƙasa, har annoba ta ɓarke. Wannan fim yana cikin waɗanda suka raba babbar kyauta a bikin finafinai na farko da aka yi a Cannes ta ƙasar Faransa a wannan shekara, amma a gida Indiya bai sami masu kallo ba. Na uku kuwa V. Shantaram ne ya shirya shi daga wani littafin Abbas a kan Dakta Kotnis, likitan Indiya da ya je ƙasar Sin aikin agaji lokacin yaƙinta da Japan, ya rasu a can.

Da aka raba ƙasar a 1947, Musulmi da yawa suka yi ƙaura zuwa Pakistan, Abbas ya zauna a Indiya. Zaman tare tsakanin mabiya addinai mabambanta ya zama ɗaya daga cikin jigogin da ya yi ta komawa gare su.

4.0 Awaara: Yadda Marubuci Ke Gina Hujja da Labari

Aikin da ya kamata ɗalibi ya fi tsayawa a kansa shi ne Awaara na 1951, wanda ma'anarsa ita ce gantalalle. Abbas ya ƙulla labarin tare da abokin aikinsa V. P. Sathe, shi kuma ya tsara fitowa-fitowa da maganganun taurari. Raj Kapoor ne ya shirya, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin tauraro.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Alƙali Raghunath mutum ne da ya yi imani cewa ɗan mutumin kirki mutumin kirki ne, ɗan ɓarawo kuma ɓarawo ne. A kan wannan aƙida ya taɓa ɗaure wani mai suna Jagga ba tare da gamsasshiyar shaida ba, don kawai mahaifinsa mai laifi ne. Jagga ya zama ɗan fashi na gaske, ya sace matar alƙalin, Leela, domin ramuwa. Da ya gane tana da juna biyu sai ya sake ta bayan 'yan kwanaki ba tare da ya taɓa ta ba, domin ya san zargi kaɗai ya isa ya rusa gidan. Haka kuwa aka yi. Tsegumin mutane ya yi yawa, alƙali ya kori matarsa, ta haihu a titi. Yaron, Raj, ya tashi a unguwar talakawa, talauci ya fitar da shi daga makaranta, Jagga ya jawo shi ya koya masa sata. Bayan ya girma ya sake haɗuwa da Rita, abokiyar karatunsa ta ƙuruciya, wadda a yanzu take hannun alƙali Raghunath tana koyon aikin lauya. Raj ya yi ƙoƙarin shiryuwa, amma duk inda ya sami aiki sai a kore shi da zarar an san tarihinsa. Daga ƙarshe ya kashe Jagga wajen kare mahaifiyarsa, motar alƙali ta buge mahaifiyar ta rasu, shi kuma ya yi yunƙurin kashe alƙalin. Rita ce ta tsaya masa a kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara 3.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne zubin labarin. Abbas bai fara da haihuwar Raj ba. Ya fara ne da kotu, Raj yana tsare, alƙali Raghunath yana matsayin wanda aka nemi hallakawa, sai Rita ta tashi ta fara yi masa tambayoyi a kan matarsa da ɗansa. Daga nan labarin ya koma baya. Wannan dabara ta kome ta juya shari'ar gaba ɗaya: wanda ya shigo a matsayin mai ƙara shi ne ya koma ana tuhuma, kuma mai kallo ya zama tamkar mai yanke hukunci. Da an jero al'amuran bi da bi daga farko zuwa ƙarshe, da an sami labarin tausayi kawai. Da aka sa su cikin kotu sai suka zama hujjoji.

Abu na biyu shi ne jigo. Tambayar da fim ɗin ya ɗora ita ce, shin halin mutum gado ne ko kuwa muhalli ne ke gina shi? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma shi ne dai ke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Alƙali Raghunath yana kan karin magana na farko, Abbas kuma yana kan na biyu. Gwanintarsa ita ce bai sa wani tauraro ya tsaya ya yi wa alƙali wa'azi tun da wuri ba. Ya bari aƙidar alƙalin ce da kanta ta haifar da ɓarayi biyu, wato Jagga da ya ɗaure bisa zalunci da kuma ɗansa na cikinsa da ya jefar a titi.

Sai dai kuma akwai wani rauni a cikin hujjar, wanda bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibansa ba. Raj ɗan alƙali ne na jini, kuma labarin ya nuna shi mai kyakkyawar zuciya wanda ya shiryu a ƙarshe, alhali Jagga, ɗan mai laifi, ya mutu a kan ta'asarsa. Mai kallon da ya shigo da ra'ayin alƙali yana iya fita da shi bai girgiza ba, ya ce ai ga shi nan, jini ne ya yi halinsa. Labarin ya so rushe aƙidar gado, amma buƙatar a sami tauraron da jama'a za su so ta sa ya bar mata ƙofa a buɗe.

Abu na uku shi ne yadda marubucin ya jingina sabon labari da tsohon da jama'arsa suka sani. Sunan Raghunath ɗaya ne daga cikin sunayen Rama, gwarzon labarin Ramayana, wanda shi ma ya kori matarsa Sita saboda tsegumin mutane bayan an sace ta. Ba'indiye yana jin sunan ya gano inda aka dosa. Mai kallo a Kano ko Zariya ba lalle ne ya kama wannan ishara ba, amma zargin mace da korar ta da ciki abu ne da ya fahimta ba sai an yi masa tafinta ba.

To, ina rabon mai ba da umarni? Raj Kapoor ya ɗauki wannan rubutu ya lulluɓe shi da abubuwan da ba na Abbas ba. Ya ba tauraron kama irin ta Charlie Chaplin, da 'yar hula da ɗangalallen wando. Ya sa kiɗan Shankar da Jaikishan, da waƙoƙin da Shailendra da Hasrat Jaipuri suka rubuta, ya kuma ƙara doguwar fitowar mafarki mai raye-raye. Matsayin alƙali kuwa ya ba mahaifinsa na gaskiya, Prithviraj Kapoor, ta yadda uba da ɗa suka fuskanci juna a kotun. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai a Indiya, ya kuma yi tashe a Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya. Miliyoyin da suka kalle shi sun san Raj Kapoor da Nargis, wadda ta fito a matsayin Rita. Kaɗan ne suka san Abbas.

5.0 Shree 420 da Dabarar Suna

A 1955 suka sake haɗuwa a fim ɗin Shree 420. Lambar 420 sashe ne na tsohuwar dokar laifuffuka ta Indiya da ya yi magana a kan zamba, dokar da aka maye gurbinta da sabuwa a 2024. Indiyawa suna kiran mazambaci da wannan lamba kamar yadda ake cewa ɗan 419 a Nijeriya. Kalmar Shree kuwa ta girmamawa ce, saboda haka sunan fim ɗin kansa habaici ne ga mazambatan da ake rusuna wa.

Labarin wani saurayi ne mai digiri da ya taso daga Allahabad zuwa Bombay neman aiki. Abin da ya fara yi a birnin shi ne jinginar da lambar zinariyar da aka ba shi ta shaidar gaskiya da riƙon amana. Da wannan fitowa guda marubucin ya faɗi jigon fim ɗin gaba ɗaya ba tare da dogon bayani ba. Saurayin ya tsinci kansa tsakanin mata biyu, Vidya, malamar makaranta matalauciya, da Maya, wadda ta ja shi cikin caca da zamba. Ma'anar Vidya ita ce ilimi, ma'anar Maya kuma ruɗi. Attajirin da ya ɗauke shi aiki sunansa Sonachand, kuma sona zinariya ce. Ɗalibin da ya nazarci wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada ya riga ya san wannan dabara ta sanya wa tauraro sunan da ke bayyana halinsa. Ƙololuwar rikicin ita ce lokacin da attajirin ya shirya karɓar rupi 100 daga hannun kowane marar muhalli da alkawarin gina masa gida, aka kuma sa saurayin a gaba domin talakawan sun yarda da shi.

Abbas ya ci gaba da rubuta wa Raj Kapoor har tsawon rayuwarsa. Cikin ayyukan akwai Mera Naam Joker na 1970, wanda ya haura sa'a 4 kuma ya jawo babbar asara, da Bobby na 1973, wanda ya mayar da asarar har da riba.

6.0 Finafinan da Ya Riƙe a Hannunsa

A 1951 Abbas ya kafa kamfaninsa, ya sa masa suna Naya Sansar, domin ya riƙa shirya labaransa yadda yake so. A nan ne aka ga abin da yake yi idan babu mai sa masa hannu. Munna na 1954 ba shi da waƙa ko ɗaya, abin da ba a saba gani ba a masana'antar. Pardesi na 1957 haɗin guiwa ne da Tarayyar Sobiyet. Shehar Aur Sapna na 1963, wato Birni da Mafarki, labarin wasu matasa ne biyu da suka rasa matsuguni a Bombay har suka tare a cikin ƙaton bututun ruwa, kuma ya ci kyautar fim mafi kyau ta ƙasa. Saat Hindustani na 1969 labarin mutum bakwai ne daga yankuna da addinai daban-daban da suka haɗu domin 'yantar da Goa daga Turawan Fotugal. A wannan fim ne wani dogon saurayi mai suna Amitabh Bachchan ya fara fitowa a majigi, a matsayin mawaƙi Musulmi.

Waɗannan finafinai sun sami yabo da kyaututtuka, amma galibinsu ba su yi kasuwa ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya kalle su. Inda Raj Kapoor zai bar waƙa ko murmushi su isar da saƙo, Abbas yakan sa tauraro ya faɗe shi da baki, har fitowar ta koma kamar sharhin jarida. Talakan da ake magana a kansa, wanda ya biya kuɗin shiga daga guminsa, sai ya tafi inda ake rawa. Akwai kuma asara ta ɗaya ɓangaren, domin a hannun Raj Kapoor talauci yakan yi kyan gani har ya daina ciwo, kuma mai kallo yana iya fita yana rera waƙa ya manta da alƙalin da aƙidarsa. Masu shirya finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun sha fuskantar wannan zaɓi tsakanin faɗakarwa da nishaɗantarwa, musamman a kan batun rawa da waƙa.

7.0 Shari'arsa da Hukumar Tace Finafinai

A 1968 Abbas ya shirya wani gajeren fim na gaskiya mai suna Char Shehar Ek Kahani, wato Birane Huɗu Labari Ɗaya, inda ya jera rayuwar masu hali da ta matalauta a manyan biranen ƙasar. A ciki akwai 'yan hotuna na unguwar mata masu zaman kansu a Bombay. Hukumar tace finafinai ta ce manya kaɗai za su kalla, gwamnati kuma ta ce za a ba shi izinin nuna wa kowa idan ya yanke wannan wuri. Ya ƙi, ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Ana cikin shari'a gwamnati ta janye ta amince a nuna fim ɗin ga kowa ba tare da yanka ba. Abbas bai tsaya nan ba, sai ya sauya ƙarar ya ƙalubalanci ikon tace fim tun kafin a nuna shi.

A 1970 kotun, a ƙarƙashin Babban Joji Hidayatullah, ta yanke hukunci cewa tace fim kafin fitarsa bai saɓa wa tsarin mulki ba, domin hoto mai motsi yana da tasiri a zuciya fiye da rubutu. Amma ta ja kunnen masu tacewa da su dubi yadda aka sarrafa batu, kada ambaton mummunan abu kawai ya zama dalilin hana fim. Abbas ya rasa babbar buƙatarsa, duk da haka wannan hukunci ya zama abin da kotunan Indiya suka riƙa komawa gare shi a shari'o'in fim da suka biyo baya.

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 1969. Ya rasu a Bombay ranar 1 ga watan Yuni na 1987, saura kwana 6 ya cika shekara 73, yana kan aikin fim ɗinsa na ƙarshe, Ek Aadmi, wanda ya fita a 1988. Labarin Henna da ya rubuta wa Raj Kapoor bai fita ba sai a 1991, bayan su biyun duk sun rasu, kuma Randhir Kapoor, ɗan Raj, shi ya ba da umarni.

8.0 Aikin Yi

Ɗalibi ya zaɓi fim ɗin Hausa guda ɗaya da ya kalla, ya nemo sunan wanda ya rubuta labarin da wanda ya tsara shi, sannan ya rubuta shafi biyu yana rarrabe abin da yake ganin na marubuci ne da abin da mai ba da umarni ya ƙara. Bayan haka ya sake tsara labarin Awaara bi da bi daga haihuwar Raj, ba tare da fara shi a kotu ba, ya bayyana abin da ya sauya a matsayin alƙali Raghunath a idon mai kallo.